Sabon fentin tsohuwar Peugeot 504: wata ukun farko ne ke da wuya

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma har yau akwai masu riƙe da ita a Maradi da Damagaram. Da yawa sukan kashe kuɗi a sake mata fenti, sannan su ɓata shi da hannunsu tun a makon farko.

Dalili shi ne fenti yana bushewa a sama cikin kwana ɗaya ko biyu, amma cikinsa bai ƙosa ba. Sinadarin da aka dama shi da shi yana ci gaba da fita har tsawon wata ɗaya zuwa uku. Shi ya sa a wannan lokaci ba a shafa man ƙyalli, ba a kuma lulluɓe motar da tamfol, domin yana gurzar fentin.

Babbar matsala ita ce ƙurar hunturu. Duk wanda ya share ta da busasshen tsumma, tamkar ya goga wa motar yashi ne. Sai a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar, sannan a bi da tsumma mai laushi, da sassafe ko da marece, kafin ƙarfen ya yi zafi. Omo na wanki kuwa, a bar shi ga tufafi.

Inuwar dogon yaro tana da daɗi, amma kashin tsuntsu yana cin ɗanyen fenti cikin ƴan awoyi. Rumfa ta fi. In kuma mai ya ɗiga wajen zubawa daga kwalbar ƴan ruwa-ruwa, a ɗauraye wurin nan take.