Ƙoda: Matatar Jinin Jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci a kasuwar Isa ya ga ƙodar rago. Ta mutum ma haka take, guda biyu, kamar ƙwayar wake, amma kowace ta kusa girman dunƙulen hannu. Suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu.

Aikinsu tace jini ne. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan 1. A kwana guda suna tace ruwa kimanin lita 180, wato jarka 9 mai lita 20. Kusan duka yana komawa cikin jini. Lita 1 zuwa 2 kawai ke fita da datti da gishirin da ya yi yawa, shi ne fitsari.

Ƙoda ba ta kuka da wuri. Hawan jini da ciwon suga suna cinye ta a ɓoye. Haka yawan shan ƙwayar ciwon jiki da ake saye a tire, musamman ga manomin da ya yini a rana bai sha ruwa ba.

A Turba da ƙauyukan Sabon Birni, yara na wanka a tafki da fadama. Nan ake ɗaukar tsargiya. Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce. In ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari har ƙoda ta lalace. Maganinta yana asibiti.

Wanda fuskarsa ko ƙafarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ke kumfa, ya je a auna shi. In ƙoda biyu suka tsaya, sai wankin jini da inji a Sakkwato, sau 2 ko 3 kowane mako.