Zalika Sule, ƴar wasan silima

Mai karatu, ka san Zalika Sule? An haife ta a Yamai a shekara ta 1947. Ta fara wasan silima a 1966, tare da Mustafa Alasan. Ta fito cikin silimar Umaru Ganda wadda ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

Sau da yawa akan ba ta wasan muguwar mace. Sai mutane suka ɗauka halinta ke nan, suna zaginta. Alhali wasa daban, hali daban.

Da aikin silima ya ja baya a Nijar, sai da ta je aikatau ƙasar waje. Ta rasu a 2021. In ka ga mace cikin silima yau, ka tuna da wadda ta share hanya.