Daɓen Akurki Da Ribar Masu Kiwon Agwagi A Kurmi

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, inda 'yan kasuwa ke ajiye agwagi a bayan gida ko a gefen rumfa kafin su sami mai saye, akwai wata asara da ba kasafai ake sa ta cikin lissafi ba, wato ciwon tafin ƙafa. Agwagwar da ke ɗingishi ba ta zuwa wurin abinci yadda ya kamata, sai ta rame, mai saye kuwa da ya gan ta sai ya karya mata farashi. Toron da ƙafarsa ta kumbura ba ya iya barbara, don haka ƙwan da aka kwanta wa har kwana 35 sai ya tashi a banza.

Asalin ciwon daga daɓe yake. Tafin agwagwa fata ce mai laushi wadda ta dace da ruwa da ciyawa, ga shi kuma irin agwagwar da aka fi kiwo a Nijeriya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana da nauyin jiki, musamman toro. Idan ta wuni a kan siminti mai kaushi, ko ragar waya, ko tsakuwa, sai tafin ya goge ko ya tsage. Ta wannan kafa ce ƙwayar cutar Staphylococcus, wadda dama tana cikin ƙazantar akurki, ke shiga ta haddasa maruru mai baƙin ɓawo da taurin mugunya a ciki. In aka yi sakaci cutar kan kai ga gaɓa, daga nan kuwa magani sai ya fi kuɗin tsuntsuwar.

Dalilin da ya sa matsalar ta fi tsanani a Kurmi shi ne damshi. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, wato sama da ninki biyu na abin da Kano ta saba samu, kuma damina kan ɗauki yawancin watannin shekara. Daɓen ƙasar da rana ke busarwa cikin wuni guda a Arewa, a can sai ya zama taɓo. Bugu da ƙari, kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, kuma ɗabi'arta ce ta fantsama ruwan sha. Tafin da ya daɗe cikin wannan jiƙa yakan yi laushi, ya fi saurin tsagewa.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa ba, domin kayan suna kusa. Masana'antun yanka katako na garuruwan nan suna fitar da ɓawon katako mai yawa, ga kuma ɓuntun shinkafa da ke tare tsibi-tsibi a injinan casa na Abakaliki, gabas da Inugu. Abin da ake bukata shi ne daɓe mai santsi wanda aka ɗaga sama da ƙasar waje, aka kuma karkata shi kaɗan don ruwa ya gangara, sannan a shimfiɗa ɓawon ko ɓuntun mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Garin katako mai laushi bai dace da 'yan tsaki ba, saboda sukan ci shi. Shimfiɗar da ta yi funfuna kuma tana jawo ciwon huhu, saboda haka a kwashe wurin da ya jiƙe kullum, a zuba busasshe. Mazubin ruwa a ajiye shi a waje, ko a kusurwa mai magudana.

Ga fataken da ke sauke kaji da agwagi daga Arewa gabanin Kirsimeti, lokacin da kasuwar ta fi tashi, yana da kyau a duba tafin kowace agwagwa ranar da aka sauke kaya. Wadda aka ga ja ko kumburi a ƙafarta a ware ta a busasshen wuri, a wanke tafin da ruwan ɗumi da gishiri, in kumburin ya yi tauri a nemi likitan dabbobi. Kuɗin buhun ɓuntu dai bai kai abin da ake asara a kan toro guda da ya gurgunce ba.