Shin Ko Kun San? Gida Kusa da Ruwa, Aiki a Cikin Gombe

Duk shekara idan bazara ta kama, zafin Maris da Afrilu ya sauka kan rufin kwano, famfo ya yi shiru kwana da kwanaki, hirar majalisa a unguwar Kumbiya-Kumbiya takan koma kan abu guda. Kowa sai ya ce ina ma ya samu fuloti inda ruwa yake, ya kwashe iyali ya koma can, ya riƙa shigowa aiki da safe. Buri ne mai kyau, ni ma na daɗe da shi a rai. Ga abubuwan da nake so magidanci ya riƙe kafin ya miƙa wa dillali ko sisi.

Shin ko kun san cewa Gombe ta asali a bakin kogi take? Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin 1804 ta yi mazauninta ne a Gombe Abba, a gaɓar kogin Gongola. A 1913 Turawa suka mayar da hedikwata Nafada, ita ma a bakin Gongola, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato garin da muke ciki yau. Ke nan kakanninmu sun yi kusan shekara ɗari suna kwana da jin motsin kogi kafin a kawo su inda babu shi. Ƙishin da garin nan yake fama da shi ya samo tushe tun daga wannan ƙaura.

Shin ko kun san ruwan da ke fitowa a famfon gidanku ya yi tafiyar kimanin kilomita 37 kafin ya iso? Daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa yake, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Gwamnatin tarayya ce ta kammala dam ɗin a 1984, shekara 12 kafin a ƙirƙiri jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoban 1996. A can ake tace ruwan, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Danjuma Goje, sannan injuna su turo shi ta manyan bututu. Gombe ta fi Dadin Kowa tudu, don haka ruwan hawa yake yi. Idan wuta ta ɗauke wa injunan ko bututu ya fashe a hanya, a randar uwargida ake fara ganin alama.

Shin ko kun san wannan dam ɗin yana da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40? Ga kuma Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu a garin, ga filin masana'antu mai sunan Muhammadu Buhari da gwamnatin Inuwa Yahaya ta ware wa hekta 1,000. Ga noman rani, ga kifi ɗanye da safe. Idan ana maganar wurin da ke bakin ruwa kuma ana iya zuwa aiki Gombe daga can, Dadin Kowa ce ta fara zuwa bakin kowa, kuma da dalili.

To amma shin kun taɓa yin lissafin hanyar? Zuwa da dawowa kilomita 74 ne a rana. A kwana biyar na aiki ya zama 370. Ku ɗora kuɗin mota a kan wannan, ku ƙara na Keke daga tasha zuwa ofis, sannan ku kwatanta da abin da kuke ba 'yan ga-ruwa a wata. Wani zai ga riba, wani zai ga ya tsere wa kura ce kawai ya faɗa hannun kwandasta. Hanyar ita ce ta Biu, tana ɗauke da manyan motoci, kuma mai fita bayan sallar asuba ya dawo bayan isha'i yakan tarar da 'ya'yansa sun yi barci sau biyu a rana guda. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Garuruwan tsakiya irin su Liji da Kwadon suna rage tafiyar, sai dai su ba a bakin tafkin suke ba.

Nafada da Gombe Abba kuwa, duk da tarihinsu da kyan kogi, sun yi nisa ga mai sa hannu a rajistar ofis ƙarfe takwas.

Shin ko kun san ruwan da ya fi cin gidaje a Gombe ba na kogi ba ne? Na kwari ne. Garin a gangare yake, daga tudun Tumfure a yamma yana saukowa gabas, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Ruwan sama na awa guda yakan taru ya bi kwaruruka da gudun da zai ɗauke babba, balle yaro. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Agustan 2004 ba su manta ba, domin ta rushe gidaje ta kuma ci rayuka a cikin garin nan. An yi aikin gyara kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna zuwa Kagarawal a ƙarƙashin shirin NEWMAP, aka kuma shiga na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya a ƙarƙashin ACReSAL, duka da tallafin Bankin Duniya. Aikin ya ceci unguwanni. Amma ƙananan kwaruruka suna nan da yawa, kuma fulotin da ke gefensu shi ne kullum mai araha.

A nan zan ɗan tsaya, don na gani da idona. Wani ƙanena ya kai ni duba wani fili a bayan gari cikin watan Maris. Wuri shimfiɗe, ga inuwar dogon yaro, ga farashi mai daɗi. Dillali yana ta cewa, "Alhaji, nan ruwa ba ya kwana, wallahi ka yi sa'a." Muna cikin zagayawa sai wata tsohuwa da ke tsince wake a ƙofar gidan da ke kusa ta yafito ƙanen nawa. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce, "Ɗana, zo ka dubi katangar nan." Sai ga wani layi mai duhu a jikin bulo, ya kai gwiwar babban mutum, siminti ya ɓarɓashe daga nan zuwa ƙasa. Ta nuna mana tsummokara da ledoji da suka maƙale a reshen wata ƙaya, sama da inda akuya za ta kai. Ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka, ruwa ba ya kwana. Wucewa yake yi, ya tafi da abin da ya samu." Ƙanena ya ce, "Mun gode, Inna, Allah ya saka." Ba mu sake komawa ba.

Saboda haka, shin ko kun san watan duba fili shi ne Agusta? A lokacin marka ne ƙasa take faɗin gaskiya. Ku je washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafa. Ku dubi inda yashi sabo ya taru, ku dubi ko kwalbati ya toshe, ku ga ko maƙwabta sun jera buhunan ƙasa a bakin ƙofa. Ku tambayi matan unguwa, domin su ne suke kwashe ruwa da roba idan ya shigo ɗaki, kuma ba su da kaso a cinikin.

Shin ko kun san zurfin rijiya a Gombe ya danganta da ɓangaren da kuke? A yammacin gari, inda ƙasar da masana ke kira Kerri-Kerri ta shimfiɗu, ruwa yana can ƙasa da nisa, haƙa burtsatse yana cin kuɗi mai yawa, wani lokaci ma a tashi a banza. A gabas an fi samun sa kusa. Kafin ku saya, ku nemi wanda ya haƙa a layin, ku ji mita nawa ya yi, kuma ko tana kaiwa watan Mayu ba ta ƙafe ba.

Shin ko kun san ma'aunin duniya na samun ruwan sha shi ne kada zuwa da dawowa, har da jiran layi, su wuce minti 30? Mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum guda a rana kuwa lita 20 ne. Gidan mutum takwas ke nan yana buƙatar lita 160 kafin a yi maganar wanki mai yawa.

Shin ko kun san ana so a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya? A fadama, inda ruwa yake kusa da sama, wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi, domin abin da ya shiga ramin shadda yana iya bin ƙasa ya iske rijiyar. Daga nan ne amai da gudawa da taifot suke shiga gida. Ku auna har da masan maƙwabci, don ƙasa ba ta san katanga ba.

Shin ko kun san tsargiya daga dodon koɗi take fitowa? Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi da ke manne a ciyayin bakin tafki da magudanan noman rani, daga baya tsutsotsin su fito su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba, wanka ko wanki ya isa. A da wasu kan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji, alhali ciwo ne da ke cinye jinin yaro, ya dakushe masa karatu, idan ya daɗe ya taɓa mafitsara da ƙoda. Akwai maganinsa, praziquantel, ana ma raba shi a makarantu. Sai dai yaron da ya koma ruwan zai sake kamuwa, kuma babu uwar da za ta iya tsare ɗan shekara goma daga rafi a zafin Afrilu idan rafin yana bayan gida. Wannan ne ya sa nake ganin tazarar tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin tsakanin gida da gaɓa alheri ce ga mai 'ya'ya.

Sauro kuma, daga ƙwai zuwa mai cizo, kwana goma zuwa mako biyu yake ɗauka a ruwa mai kwanciya. A cikin gari yakan ragu da rani. Kusa da gonakin shinkafa ba ya hutu, don haka gidan sauro da raga a taga su shiga cikin kuɗin gini tun farko.

Shin ko kun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar? Ƙaramin yaro ba ya buƙatar kogi. Bokiti, ko kududdufin da aka haƙa don bulo, ko rijiya marar murfi sun ishe shi, kuma ba ya ihu. Ina roƙon duk mai gini, ko a Dadin Kowa ko a Pantami, ya rufe ramin tara ruwansa ranar da aka haƙa shi.

Shin ko kun san akwai dorinar ruwa a tafkin Dadin Kowa da kogin Gongola? Manoman yankin Hinna da Difa sun sha kokawa kan yadda take fitowa da dare ta cinye shinkafa da masara, masunta kuma suna tsoron ta kife musu kwalekwale. Duk girman jikinta, a gajeren zango ta fi mutum gudu. Idan an nuna muku gona ko fili a gaɓa, ku dubi sawu a cikin laka.

Shin ko kun san zama a ƙasan dam da zama a samansa ba ɗaya ba ne? Idan tafki ya cika a ƙarshen damina dole a buɗe ƙofofi a saki ruwa, ya bi Gongola zuwa dam ɗin Kiri a Adamawa, ya haɗu da Binuwai a Numan. Na ƙasa shi ne ke karɓar wannan ruwa. Na sama kuma yakan ga gaɓar da ya sani da rani ta matso ƙofar gidansa a Satumba. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola, ita ke da alhakin dam ɗin da filayen ban-ruwa da ke kewaye, don haka ku tabbatar filin da za a sayar muku ba nata ba ne.

Shin ko kun san baƙar laka tana tsaga gini? Ana samun ta a yankin Deba da kwarin Gongola. Da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Auduga da dawa suna son ta, bango kuwa ba ya jure mata sai an zurfafa tushe an zuba rodi. Ku dubi gidajen da suka shekara biyar a wurin, ku ga ko akwai tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa.

Takarda kuma: shaidar mai unguwa da dagaci tana da muhimmanci, amma ku kai lambar filin zuwa GOGIS, hukumar kula da filaye ta jihar, a duba muku kafin biya. Fili a kan hanyar ruwa, ko an gina shi, yana iya shiga layin rusau.

Ƙanena daga baya ya samu wani fili a kan tudu ta gabashin gari, ya fi na farko tsada, ya kuma fi shi ƙanƙanta. Kafin ya biya sai da ya kwana biyu a gidan wani abokinsa a unguwar, ya fito ranar Litinin da safe ya auna lokacin da zai kai shi wurin aiki, ya leƙa makarantar firamare da Islamiyya da ƙaramin asibitin da ke kusa, ya tambayi mai shago ko ana samun abin hawa da tsakar dare idan naƙuda ta tashi. Rijiyarsu tana da murfin ƙarfe da kwaɗo, mabuɗin yana rataye a ɗakin uwargida. Ranar Asabar yakan ɗauki yaran zuwa Dadin Kowa su ga tafki da Dutsen Bima daga nesa, su sayo karfasa da tarwaɗa, su dawo kafin la'asar.