Rumawan Gabas da Katsinawan Maraɗi: Sarauta Bayan Barin Birninta

Duk almajirin da ya yi karatun tafsiri, a nan Dutse ko a wani gari, ya san Rumawa, domin akwai sura mai sunansu, kuma ya ji labarin wasiƙar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya aika wa sarkinsu Hiraƙla. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne, waɗannan Rumawa ba a birnin Rum na ƙasar Italiya suke zaune ba. Fadarsu tana Ƙustantiniyya, watau Istambul ta yau, kuma su ne littattafan boko suke kira Bizantawa. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu auna su da Rumawan dauri, sa'an nan mu gwada su da wani misali na ƙasar Hausa, watau Katsina da Maraɗi.

A shekarar 330 Sarki Kustantin ya buɗe sabuwar fadarsa a gabas. A 395 aka raba mulkin daular gida biyu. Sarautar yamma ta faɗi a 476, amma ta gabas ta ci gaba har 1453, lokacin da Muhammadu Fatihi, sarkin Turkawa, ya ci birnin. A duk tsawon wannan zamani mutanen gabas Rumawa suke kiran kansu, haka kuma Larabawa da Turkawa suke kiransu. Sunan Bizantawa ya bazu ne daga rubuce-rubucen masanan Turai bayan daular ta shuɗe.

To, amma me ya rage musu na Rumawan dauri? Harshe dai ya sauya. Dokokin da Sarki Jastiniyan (527 zuwa 565) ya sa aka tattara da Latin aka rubuta su, amma yawancin sababbin dokokinsa da Girkanci suka fito, kuma zuwa zamanin Hiraƙla (610 zuwa 641) Girkanci ya rinjaya a fada. Addini ma ya sauya, daga bautar gumaka zuwa Kiristanci. Ƙasa ta ragu ƙwarai bayan yaƙin Yarmuku na 636, da Sham da Masar suka koma hannun Musulmi. Abin da ya tsaya shi ne gadon sarauta, da doka, da tsarin haraji, da kuma sunan kansa.

Bari yanzu mu dawo gida. Wajen 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsohuwar sarauta ta yi arewa, ta fake a Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa fadarsa a Maraɗi wajen 1819. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina yake, haka ma magadansa. Sun tafi da sarautunsu na Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, waɗanda su ne masu zaɓen sarki, da kuma sarautar Iya, wadda take shugabantar mata da 'yan bori. Ba su yanke ƙauna daga birnin ba. Sarki Rauda ya mutu a yaƙin Gawakuke a 1836, Ɗan Baskore kuma, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, ya yi ta kai hare-hare ƙasar Katsina. Irin wannan ya faru ga Zazzagawan da suka kafa Abuja, watau Suleja ta yanzu, suka riƙe sunan Sarkin Zazzau, sai dai ba za mu tsaya a kansu ba.

Kamannin a fili yake, amma bambancin ya fi koyarwa. Rumawan gabas ba gudu suka yi ba. Sun gina fadarsu tun Rum tana hannunsu, har ma mayaƙan Jastiniyan sun sake shiga Rum a 536, abin da Maraɗawa ba su taɓa samu ba game da birnin Katsina. Har ila yau, hujjar Maraɗi jini ce, watau zuriyar Korau. A Ƙustantiniyya kuwa gidaje da yawa sun hau sun sauka, wani lokaci ma sojan da ya fi ƙarfi ne yake hawa, ba a kuma ce daular ta yanke ba. Maraɗi ta riƙe harshe da zuriya da al'adun fada. Ƙustantiniyya ta saki harshe da addinin kakanni, ta riƙe doka da kujera. A ganinmu, ta fuskar al'ada Bamaraɗen 1860 ya fi kusa da Bakatsinen 1780 a kan yadda Barumen shekarar 1000 yake da Barumen zamanin Agustas.

Akwai kuma batun wanda yake raɗa suna, kuma nan ne abin ya shafe mu masu koyarwa. Bayan da Fafaroma ya naɗa Sharlaman sarki a Rum a shekarar 800, mutanen yammacin Turai suka riƙa kiran na gabas Girkawa, domin su hana su gadon. Haka nan a wannan ɓangare an saba kiran Maraɗawa Haɓe, kai har ma da arna, alhali sarakunansu Musulmi ne, da limamai da alƙalai a fadarsu. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ƙara nisanta su, ta bar Katsina a Nijeriya, Maraɗi a Nijar, kowace da manhajar tarihinta. Ɗalibinmu yakan haddace jerin sarakunan Katsina har zuwa jihadi, daga nan ya ga gidan farko ya ɓace daga littafin, alhali kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga Katsina zuwa fadar da har yau ake kiran mai ita Sarkin Katsinar Maraɗi.