KAFIN A SAUKE KAYA A SABON GIDA

Daga Wakilinmu a Funtuwa

Da zarar an gama kaka, masara ta shiga rumbu, auduga ta tafi kasuwa, sai a ga motoci ɗauke da gadaje da katifu suna kai da kawowa tsakanin Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Malumfashi. Waɗansu ma'aikata ne da aka canza wa wurin aiki, waɗansu ɗalibai, waɗansu kuwa angwaye. Akasarinsu sukan biya kuɗin hayar shekara guda a kan gidan da suka gani da rani kaɗai, alhali damina ce ke tona asirin gida.

Wannan yanki ya fi arewacin Jihar Katsina samun ruwan sama. Yakan sauka tun daga Mayu har Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka abu na farko shi ne mutum ya ɗaga kai ya dubi rufi. Tabo a jikin silin alamar yoyo ce, kumburin fenti a gindin bango kuwa alamar danshi. Idan soron ƙasa ne, a tambayi yaushe aka yi masa yaɓe, a duba indararo, a ƙwanƙwasa azara ko gara ta ci ta. Wanda zai ajiye hatsi ya tabbatar ɗakin ajiyar busasshe ne, domin danshi kan sa masara ta yi fumfuna.

Na biyu shi ne bashin da ake gada. Tun 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba wutar lantarki a jihohin Katsina da Kano da Jigawa. Hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta ɗora wa mai shiga gida alhakin sanar da kamfani duk bashin da ya tarar. To, a rubuta lambar mita da abin da ta nuna ran da aka karɓi makulli, a nemi rasit na ƙarshe. Haka nan za a yi game da famfo. Inda rijiya ce, a tambaya ko tana ƙafewa da bazara.

Na uku, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa ne kuɗin haya, yaushe wa'adi zai cika, wa zai gyara rufi, wa zai biya yashe masai. Yawancin rigingimun mai gida da ɗan haya daga maganar baka suke tasowa.

Na huɗu, a je a gai da mai unguwa, a gabatar da kai ga limami da maƙwabta. Wannan tsohuwar al'ada ta ƙara muhimmanci saboda matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan yankin, wadda ta sa gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Baƙon da unguwa ta sani shi ake kai wa ɗauki. Kuma maƙwabci ne zai faɗi abin da dillali ya ɓoye, kamar ko ruwa na kwanciya a lungun.

Duk wannan bai wuce aikin yini biyu ba. Wanda ya yi gaggawar sauke kaya kuwa, yana iya kwana da kwano a tsakar ɗaki yana tarar ruwa, ga kuɗi sun riga sun fita. Hausawa dai sun ce, tun ran gini ran zane.