TSOHUWAR WAYAR DISH ZA TA IYA KAI INTANET CIKIN GIDA

Jama'a, a Jibiya da Magama mutane da yawa sun shiga yin ciniki ta wayar hannu. Tun farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya, aka saba da tura kuɗi ta waya. Ɗan kasuwa yana magana da abokin cinikinsa na Maraɗi. Ɗalibi kuma yana duba sakamakon jarrabawa. Duk wannan sai da intanet.

Amma ga matsala. Sau da yawa akwai sabis a ƙofar gida, cikin gida kuwa babu. Katanga mai kauri da rufin kwano suna rage masa ƙarfi. Maigida ya sayi rauta, wato ƙaramin akwatin nan da ake sa wa layi yana raba intanet. Ya ajiye ta a shago, amma ƙarfinta bai kai ɗakin uwargida ba.

To, wani lokaci maganin yana nan jikin bangonka. Ita ce wayar da aka ja wa dish ko eriya.

Yadda wayar take

Idan ka yanke ta za ka ga abu huɗu. A tsakiya akwai sili ɗaya na jan ƙarfe. Shi ke ɗaukar saƙo. Farar roba ta lulluɓe shi. Sai wata raga ta ƙarfe mai tare saƙon don kada ya zube. Sai robar waje. A jikin irin wadda aka fi ja wa dish za ka ga an rubuta RG6.

Wannan waya tana iya ɗaukar fiye da hoton talabijin. A shekarar 2004 wasu kamfanoni a Amurka suka haɗa kai suka kafa ƙungiya mai suna MoCA. Manufarsu ita ce a riƙa tura intanet ta wayar da take cikin gida, ba sai an fasa bango an ja sabuwa ba. Adaftar da ake wannan aiki da ita tana ɗauke da wannan suna a jikinta.

Abin da za ka tanada

Rauta mai ramin sa waya a bayanta. Adafta guda biyu. Gajerun wayoyin kwamfuta guda biyu. Sai wutar lantarki a ɗakunan biyu, ko ta sola ce, domin kowace adafta tana cin wuta.

Yadda ake haɗawa

1. Bi wayar da ido daga farko zuwa ƙarshe. Tabbatar ka san ɗakunan da ta haɗa. Duba ko ɓera ya ci ta, ko rana ta fasa robar. Idan kan wayar ya yi tsatsa, a yanke a sa sabo.

2. Ajiye rauta a inda sabis ya fi ƙarfi, kusa da taga.

3. Haɗa rauta da adafta ta farko da gajeriyar waya. Sannan ka ɗaura wayar dish a jikin adaftar, ka murɗa ta kama sosai.

4. A ɗaya ɗakin, ɗaura ƙarshen wayar a jikin adafta ta biyu.

5. Kunna duka biyun. Idan 'yar fitilar da ke nuna haɗuwa ta kama, sun ji juna ke nan.

6. Kwamfuta tana iya shan intanet kai tsaye daga adafta ta biyu. Wayar hannu kuwa ba ta da ramin. Saboda haka sai an ƙara wata rauta a wannan ɗakin, ita za ta raba wa wayoyin hannu.

Kada tsawon wayar ya wuce kamar mita 90.

Babban kuskure

A nan ne ake asarar kuɗi, sai a kula. Kada ka bar wayar tana haɗe da dish kuma ka sa mata adafta. Dalili shi ne, kowane saƙo yana da hanyarsa a cikin waya. Ana auna hanyar da ma'aunin da ake kira megahaz. Saƙon dish yana bin hanya daga 950 zuwa 2150. Yawancin adaftocin nan kuma suna bin 1125 zuwa 1675. Ka ga hanya ɗaya ce. Kamar manyan motoci biyu ne suka yi gaba da gaba a kan ƙaramar gada. Hoto zai lalace, intanet ma ba zai tafi ba.

Don haka nemi wayar da aka daina aiki da ita, ka cire ta daga dish da dikoda gaba ɗaya. Wayar eriya ta sanda ba ta da wannan matsala, domin saƙonta yana ƙasa da 900.

Duba kuma ɗan ƙarfen nan da ake raba waya ɗaya zuwa ɗakuna. Akwai lamba a jikinsa. Idan ta tsaya a 1000, zai rage ƙarfin intanet. Nemi wanda lambarsa ta kai 1675 ko ta fi. Idan wayar ta tsallaka gidan maƙwabci, cire wannan reshe, kada datarka ta ƙare a gidan wani.

Gargaɗi ga mutanen bakin iyaka

Kusa da iyaka, layin Nijeriya yakan kama sabis na Nijar da kansa. Datar da ka saya a nan ba ta aiki a can, kuɗin kuma ya fi tsada. Sa wanda ya iya ya saita rautar ta tsaya a kan kamfanin layinka kaɗai.

A sani kuma, waya ba ta haifar da intanet, kai shi kawai take yi. A watan Satumba na 2021 an katse sabis a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda tsaro. A irin wannan hali babu adaftar da za ta yi amfani.

Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, zare komai daga wuta.

Kafin ka fitar da kuɗi

Adaftar nan tana da tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samunta ba. Idan babu tsohuwar waya a gidanka, kada ka saye ta. Doguwar wayar kwamfuta ta fi sauƙi, tana kuma kaiwa mita 100. Amma idan wayar tana nan lafiya, musamman wadda aka binne cikin bango, amfani da ita ya fi fasa gini. Tambayi farashin duka biyun, ka yi lissafi tukuna. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu amfana.